Jirgin da Ya Fi Daɗewa a Ɗaure

Yau ba maganar farashin albasa a Adjen Kotoku za mu yi ba. Bakin ruwa za mu leƙa, amma dai lissafin na kasuwa ne.

Duk wanda ya taɓa kai iyali Ada Foah, inda kogin Volta ke shiga teku, tafiyar kamar awa biyu daga Accra, ya ga gidajen hutu na masu hannu da shuni jere a gaɓa, da ƙananan jiragen shaƙatawa a gabansu. Wasu na inji, wasu iska ke tura su. Abin sha'awa ne kam. To amma awa nawa jirgin nan yake yi yana tafiya a kan ruwa?

Mu ɗauki alƙalami. Mai jirgin yana Accra yana neman kuɗi daga Litinin zuwa Asabar. A ce yana zuwa Lahadi biyu a wata, kowane zuwa ya yi awa 4 a ruwa. Awa 8 ke nan a wata, 96 a shekara, wato kwana 4 cif cikin 365. Ba mu ma cire Mayu da Yuni ba, lokacin da ruwan sama ke tsananta, balle ranakun biki da zaman makoki. Sauran kwana 361 jirgi na ɗaure, gishiri na cin ƙarfensa, ana biyan mai gadi, ana biyan fenti da gyaran inji. Idan aka raba kuɗin shekara da awa 96, kowace awa ta fi ƙarfin a kira ta hutu.

Ko masuntan Jamestown da Chorkor, waɗanda teku ce gonarsu, ba kullum suke kan ruwa ba. A al'adar mutanen Ga ba a fita kamun kifi ranar Talata, kwana 52 sun tafi ke nan. Ga ɗinkin raga, ga jiran man inji. Bambancin shi ne, kwale-kwalen masunci idan ya fita da kifi ake sa ran ya dawo, shi ke ciyar da kansa.

Na san wani zai ce, "Malam, mu a Nima da Maamobi wa ya sayi jirgi?" Gaskiya ne, Alhaji. Amma kowannenmu yana da nasa jirgin. Motar nan da aka lulluɓe da tampol a bakin lungu, mai ita kuma yana hawan trotro saboda cunkoso. Gidan da aka gina a Kano ko Maraɗi, ana buɗe shi sati biyu da Sallah, wata goma sha ɗaya da rabi gara da ƙadangaru ke ciki. Hajiya, har da firinjin da aka saya da kuɗin adashi don sayar da ƙanƙara, yanzu ya koma ma'ajiyar kwanuka. Duk jari ne a ɗaure, alhali shago na kukan kaya, makarantar yara na jiran kuɗi.

Ba hutu nake zagi ba. Yaran da suka tashi a Zango, teku na kusa da su amma ba su taɓa hawa ruwa ba, suna da haƙƙin a fita da su. Sai dai daidai ruwa daidai tsaki: a je Ada, a yi hayar kwale-kwale na awa ɗaya ko biyu, a tabbatar kowane yaro ya sa rigar kariya kafin a tashi, a biya a dawo gida. Gyara da gadi sun rage wa mai jirgi.

Kafin ka sayi wani babban abu bana, rubuta awa nawa za ka more shi a shekara, ka raba kuɗinsa da wannan adadi. In lissafin ya ba ka kunya, yi haya. In kuwa ka riga ka saya, sa ɗan haya a gidan, ba amintaccen direba motar, abin ya fara ciyar da kansa.

Allah ya sa wa nema albarka. Sai mako mai zuwa.