Jirgi ya wuce, wa ya kwashe?

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yau maganar salanga zan yi, kuma na san akwai masu yamutse fuska tun kafin su kai layi na biyu. Kwanan baya a taron iyayen yara na wata makarantar firamare, da na tambayi wa zai yashe salangar yara in ta cika, wani dattijo ya ce mini: “Mushe, mun zo maganar ilimi, ka kawo mana ƙazanta.” Aka yi dariya, aka wuce kan maganar fenti. Da shi nake a wannan rubutu, da duk mai ra'ayinsa. Zan biyo da su ta layin dogo, domin tarihin salangar jirgin ƙasa ya riga ya amsa masa.

Kakanninmu da suka riƙa sauka Kano, inda jirgi ya iso a 1911, ko Ƙaura Namoda da Nguru da layi ya kai a 1929 da 1930, da waɗanda suka bi ta Paraku zuwa Kwatano, sun san yadda abin yake. A ƙarshen tarago akwai ɗan ɗaki, a ciki akwai kwano ko rami, ƙarƙashinsa bututu. In ka leƙa sai ka hango tsakuwar layi tana gudu. A taragon manya akwai ƙarfen da ake takawa da ƙafa, murfi ya buɗe, ruwa ya sauko daga tankin da ke cikin rufi. Iyakar injin ke nan. Ruwan tankin a manyan tashoshi ake ɗura shi da mesa, masu shara su wanke ɗakin da buroshi da maganin wari. Najasar kuwa ba mai kwashe ta daga jirgin, don ba ta zama a cikinsa. Kan layi take faɗawa. Haka aka yi a Ingila, da Faransa, da Amurka, da Indiya, da Japan, shekara fiye da ɗari.

Masu jirgin sun san abin da suke yi. Shi ya sa a kowace salanga ake manna sanarwa cewa kada a yi amfani da ita in jirgi na tsaye a tasha, wasu wuraren ma ma'aikaci ke bi yana kulle ƙofofi in an doshi babban birni. A Amurka, in za a ajiye taragon kwana a tasha da fasinja a ciki, sai a rataya bokiti a bakin bututun, da safe lebura ya ɗauke. Ku duba ma'anar wannan tsari da kyau. A tasha akwai manya da baƙi, don haka a nan abin kunya ne. In an fita daji, inda manoma da makiyaya da leburorin gyaran layi suke, ba laifi. An ce rana za ta busar, ruwan sama ya wanke.

Rana ba ta busar da komai ba kafin ya taɓa mutane. Jirgi mai gudu watsa abin yake kamar feshi, ya shafe ƙarƙashin tarago, da birki, da ƙafafu, makanikai su shiga ciki da hannu. Leburan da ke gefen layi in jirgi ya taho sai ya juya baya ya rufe fuska. A Ingila ƙungiyar ma'aikatan jiragen ƙasa ta RMT ta yi shekaru tana kuka a kan haka, aka sa wa'adin ƙarshen 2019 don a daina, wa'adin ya cika ba a gama ba. A Japan jirgin Shinkansen da aka buɗe a 1964 da tanki ya zo, amma sauran jirage sai farkon shekarun 2000 suka rabu da zubarwa a layi. A Amurka kuwa sai da abin ya zubo wa masu kamun kifi a ƙarƙashin wata gada a jahar Florida, suka kai ƙara, kotu ta sami kamfanin Amtrak da laifi a 1989, sannan majalisa ta yi dokar da ta tilasta sa tankuna. Shekara nawa leburori na kuka ba a ji ba? Sai da ta faɗa kan wanda ya san hanyar kotu.

Indiya ce ta fi nuna inda nauyin ke sauka. A can sanarwar bango ba ta hana komai ba, domin mutum da ya kwana biyu a jirgi ba ya tambayar ko an tsaya. Layukan cikin tasha sukan cika, kuma mutane ne ke kwashewa da tsintsiya da faranti da kwando, yawancinsu ƴan Dalit, waɗanda al'ada ta ajiye a ƙasan kowa, aikin kuma gado ne daga uwa zuwa ɗiya. An haramta kwasar najasa da hannu a 1993, aka sake yin doka mai tsauri a 2013. A 2014 Kotun Ƙoli, a ƙarar da ƙungiyar Safai Karmachari Andolan ta Bezwada Wilson ta shigar, ta umarci hukumar jiragen ƙasa ta sa wa kanta lokacin kawo ƙarshen wannan aiki a kan layi. Akwai kuma wani dalili da ya motsa magabata: najasar tana cin ƙarfen layi, tsatsa ta kama shi, a sake shi tun lokacinsa bai yi ba. Ƙarfe ya yi ciwo, aka ji tausayinsa.

To, an kawo sabuwar dabara, sai magana ta ƙare? A'a. Tun 2011 Indiya ta fara liƙa wa taragonta tanki mai ƙwayoyin halitta da ke narkar da najasa ta koma ruwa da iska. Rahoton babban mai binciken kuɗin ƙasar na 2017 ya ƙirga matsaloli kusan 200,000 a shekara guda: toshewa, wari, lalacewa. Fasinja na jefa kwalabe da leda, masu gyara ba su isa ba. Jiragen Turai na yau, masu zuƙe najasa da iska zuwa tanki, su ma dole su shiga wurin gyara a kai a kai, a jona musu mesa a tsotse, a wanke, a ɗura ruwa. In ba a yi ba, tanki ya cika, ƙofa ta kulle, fasinja ya matse. Salanga kowace iri ce, aiki ne na kullum: da mai yi, da albashinsa, da kayan kare jikinsa, da wurin da za a kai abin da aka kwaso.

Yanzu mu dawo gida. Wani zai ce mu da ba mu da jirgi, ina ruwanmu? Gaskiya ne layin Yamai zuwa Doso, kilomita kusan 140, an shimfiɗa shi tsakanin 2014 da 2016 ya kwanta ba fasinja. Amma layin Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, da aka aza harsashinsa a watan Fabrairun 2021, ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya zai biyo ya shigo gonakinmu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun yanzu ya kamata ƴan majalisa da ƴan jarida da sarakuna su tambaya: tarago da tanki za su zo? A ina za a tsotse? Ina za a kai? Wa zai yi, da wane kaya? Mutanen Madarunfa da suka ga amai da zawo a 2018, da jahohin Maraɗi, Damagaram da Tawa da suka gan shi a 2021, suna da haƙƙin jin amsa.

Amma gaskiya ba sai mun jira jirgi ba, domin tunanin tsohon tarago yana cikin makarantunmu. Ƙungiya ta zo ta gina salanga, a yanka ƙyalle, a ɗauki hoto, motoci su tada ƙura su wuce. Ba wanda ya rubuta wa zai kawo ruwa, wa zai sayi buta da sabulu, da wane kuɗi za a yashe ramin. Bayan ƴan shekaru ya cika ko ƙofa ta ɓalle. Darakta ya sa kwaɗo a ɗaya mai kyau, ta zama ta malamai da baƙi, kamar dai tashar jirgi. Yara kuma bayan katanga. Yarinyar da ta fara girma ba za ta tsuguna a fili ba. Gida za ta tafi, kuma ba kullum take dawowa ba. Dattijon da ya ce na kawo ƙazanta cikin maganar ilimi, ga ilimin nan yana fita ta ƙofar makaranta.

Na san amsar da za a ba ni: babu kuɗi, ajin zana ma bai samu gini ba. Na yarda talauci gaskiya ne. Amma muna samun kuɗin fenti da na walimar ƙarshen shekara. Abin da ya hana mu sa yasa cikin lissafi shi ne ƙyama: muna ganin aikin na wasu ne can, waɗanda ba ma ba hannu. Hukumomin jirgin Ingila da Amurka ba talakawa ba ne, duk da haka sun yi shekara ɗari suna zubarwa, saboda ba a kansu take faɗawa ba.

Don haka ga abin da nake roƙo. Kwamitin COGES na kowace makaranta ya ware layi guda a kasafinsa don ruwa, sabulu da yasa, ko jika nawa ne, a karanta shi a gaban iyaye. Kada a karɓi sabuwar salanga daga kowa sai an rubuta wa ke da nauyinta. A daina sa yara wankin salanga a matsayin horo, domin da haka muke koya musu cewa tsafta wulaƙanci ce. A yi juyi, kowane aji da ranarsa, malami na gaba. Mai yasa in ya zo, a biya shi da mutunci, a tambaye shi inda zai zubar. Iyaye kuma, ranar da kuka kai yaro, kafin ku shiga ofishin darakta ku zaga baya ku leƙa. Abin da kuka gani can, shi ɗanku zai riƙa gani kullum har hutun damina.