Makokin Gwanin Tamaula

Ran 4 ga Mayu, 2012, Allah ya karɓi ran Rashidi Yekini a Ibadan, yana da shekara 48. Haifaffen Kaduna ne, shi ya ci wa Nijeriya ƙwallon farko a gasar kofin duniya ta 1994. Manoman Ɗambatta da Bichi da suka saurari wasansa a rediyo ba su mance shi ba.

Abin takaici, wanda dubbai suka yi wa tafi ya ƙare kwanakinsa a kaɗaice. To, malamai da attajirai su lura, kowane gari da gwaninsa da aka daina yayi. A ziyarce shi, a tallafe shi tun yana numfashi, gama yabo ran jana'iza ihu ne bayan hari. Allah ya jiƙan Rashidi, amin.