Ciwo da Hausa, Magani da Turanci

Akwai wata dattijuwa maƙwabciyarmu a unguwar Fadaman Mada ta birnin Bauchi, wadda ta daɗe tana fama da ƙishirwa da yawan fitsari da rama. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai aka haɗa ta da jikanta ɗan sakandare ya kai ta wani asibiti. Likita ya duba ta, ya yi 'yan rubuce-rubucensa, sa'an nan ya ɗago kai ya yi wa yaron bayani da Turanci, cewa gobe da safe za a auna sugan jininta, don haka kada ta ci komai tun daga dare har a ɗebi jinin. Kalmar da likitan ya yi amfani da ita, ita ce wadda aka koya wa yaron a makaranta cewa ma'anarta azumi. Sai ya juya ya ce, "Iya, likita ya ce gobe ki zo da azumi."

Baiwar Allah ta tashi tun kafin kiran assalatu, ta yi sahur da ɗumamen tuwo, ta kora da kunu mai suga, ta ɗaura niyya, ta kama hanya. Allah ya taimaka mai ɗibar jinin ya tambaye ta da Hausa, "Iya, kin ci wani abu yau?" Ta ce, "A'a ɗana, ai azumi nake yi, tun sahur ban sa komai a bakina ba." Nan aka gane ɓatan da aka yi, aka sallame ta sai wata rana. Kuɗin mota ya tafi, wuni ya tafi. Da mai ɗibar jinin bai yi tambayar ba, da an rubuta mata magani a kan awon da ba na gaskiya ba ne. Abin da ya fi ci mana rai a wannan labari shi ne, likitan nan Bahaushe ne, da Hausa ya gaida tsohuwar, da Hausa ya yi mata sallama. A tsakiya ne kawai, wato a daidai inda rai yake, ya koma Turanci.

Wannan ita ce ɗabi'ar da muka ɗaura ɗamarar yaƙi da ita a wannan maƙala. Mutum yana jin ciwonsa da harshen da ya sha a nono, da shi yake nishi, da shi yake kiran Allah cikin dare. Amma da zarar ya taka ƙofar asibiti sai a mayar da shi kurma. Sunan cutarsa da Turanci, takardar awonsa da Turanci, rubutun jikin kwalin maganinsa da Turanci, har takardar da zai dangwala wa yatsa kafin a yi masa tiyata da Turanci. Shi ya sa a yau za ka ji mace ta dawo daga asibiti tana cewa an ce tana da "infekshan", alhali ba ta san a ina yake ba, ba ta san me ya kawo shi ba, ba ta kuma san cewa wani irinsa ba ya warkewa sai an haɗa da maigida an yi magani ba. Haka duk wani zafin ciki ya zama "olsa", duk wani zazzaɓi ya zama "taifot". Kalmomin sun shigo bakin jama'a, ilimin da ke bayansu an bar shi a ofishin likita.

Hujjar farko da ake kawo mana ita ce wai Hausa ba ta da kalmomin. Wannan magana ce ta wanda bai zauna da kakarsa ba. Tun kafin Bature ya kafa asibiti a ƙasar nan Bahaushe ya san ƙyanda da agana da sanƙarau da farfaɗiya da kuturta da tarin fuka da gwaiwa da basir. Maɗori ya bambance karaya da tsagewar ƙashi da gocewa da targaɗe. Wanzami ya san ƙaho da sakiya, ungozoma ta san naƙuda da mabiyiya da jego. Wanda ke shakka ya buɗe ƙamusun Bargery na 1934, ko Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, ya ƙirga da kansa. Har wani Ba'amurke, Lewis Wall, ya zauna a ƙasar Malumfashi ya nazarci yadda Hausawa ke kallon cuta da lafiya, ya fitar da littafi sukutum a 1988. Baƙo ya ga abin rubutawa, ɗan gida yana cewa babu komai.

Bugu da ƙari, Hausa ba ta taɓa gazawa wajen karɓar sabon abu ba. Ta ari asibiti da likita da nas da tiyata da bandeji, ta tanƙwara su har suka zama nata. Inda ba ta ara ba ta ƙirƙira, kuma ba wani kwamiti ne ya zauna ba, bakin talakawa ne ya yi aikin: ƙarin ruwa, ƙarin jini, hawan jini, awon ciki, hoton ƙirji, wankin ƙoda, yoyon fitsari, ruwan gishiri da suga. Wace tsohuwa ce za a ce mata za a yi wa jikanta ƙarin ruwa ta nemi tafinta?

To, su kalmomin Turancin da ake tinƙaho da su fa, daga ina suka fito? Mafi yawansu ba na Bature ba ne, arowa ya yi daga Girkanci da Latin. Kalmar da muke ji a bakin likitoci, maleriya, asalinta daga Italiyanci ne, ma'anarta kuwa gurɓatacciyar iska, domin mutanen da sun ɗauka iskar fadama ce ke kawo cutar. Sai a 1897 Ronald Ross ya gano ƙwayar cutar a cikin sauro. Bahaushe kuwa cewa yake zazzaɓin cizon sauro. A cikin sunan nan kaɗai an faɗa wa mai ji dalilin cutar, an kuma nuna masa hanyar rigakafi. Tsakanin sunayen nan biyu, wanne ne ya fi kusa da kimiyya?

Hujja ta biyu ta fi nauyi, kuma ba za mu kauce mata ba. Ana cewa kalmomin Hausa ba su da ƙayyadadden ma'ana. Da gaskiya a ciki. Kalmar shawara tana ɗauke da ɗorawar ido ta jariri, da ciwon hanta iri-iri, da kuma zazzaɓin nan da sauro ke yaɗawa wanda ya ɓarke a 2019 a ƙasar Alƙaleri, wajen gandun dajin Yankari. Cututtuka ne mabambanta, maganinsu da rigakafinsu ba ɗaya ba ne. Kalmar sanyi ta haɗa ciwon gaɓoɓi da cututtukan da ake ɗauka wajen saduwa. Shan inna kuwa sunan kansa yana ɗora laifin a kan wata aljana. Duk mun yarda. Amma in rijiya ta yi laka yasarta ake yi, ba a cike ta a koma roƙon ruwa gidan maƙwabci. Turancin ma ba daga sama ya faɗo a gyare ba, masana ne suka yi ɗaruruwan shekaru suna tace shi. A Bagadaza, a ƙarni na tara, Hunainu ɗan Is'haƙa ya fassara littattafan likitancin Girkawa zuwa Larabci, ya ƙirƙiro kalmomi inda babu. Jami'ar Dimashƙa da Larabci take koyar da aikin likita tun 1919. A 2022 jihar Madhya Pradesh ta ƙasar Indiya ta ƙaddamar da littattafan ajin farko na karatun likita da harshen Hindi. A nan gida ma, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya wallafa littattafai a kan magani da Larabci, har da wanda ya keɓe wa cutar basir. Magabatanmu ba su ɗauki ilimin magani a matsayin kayan wasu ba.

Kada mai karatu ya zaci wannan gardama ce ta malaman harshe masu neman abin faɗa. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano. Yara wajen 200 ne suka shiga gwajin, 11 suka rasu. Iyaye sun ce ba a fahimtar da su cewa gwaji ake yi ba, kamfanin ya musanta, aka yi ta shari'a har aka yi sulhu da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Ko ma yaya aka yi, tambayar da ta tsaya a tsakiyar shari'ar ita ce: me aka faɗa wa uwar yaro, kuma me ta fahimta? Ba a daɗe ba, a 2003, jita-jita ta sa aka dakatar da allurar rigakafin shan inna a Kano har zuwa 2004, cutar ta sake bazuwa zuwa wasu ƙasashe. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Masu jita-jita da Hausa suke magana a kasuwa da majalisa da gidan biki, masu gaskiya suna can suna taron bita da Turanci. Sai da aka koma ga sarakuna da malamai da matan unguwa masu bi gida-gida suna bayani da harshen mutane, sa'an nan aka kai ga nasarar da aka tabbatar a 2020.

Wannan kuwa ba alfarma muke roƙo ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta umarci ma'aikacin lafiya ya sanar da majinyaci halin da yake ciki, da hanyoyin maganin da ke akwai, da haɗarinsu, kuma in da hali, da harshen da yake ji, tare da la'akari da zurfin karatunsa. A Bauchi kuwa hali akwai shi. Bafillace da Bajari da Basayi da Bageri, in sun haɗu a layin karɓar kati, da Hausa suke hira.

Laifin na wa ne? Akwai na likitan da ke ganin martabarsa tana cikin kada a fahimce shi. Akwai na hukumar da za ta turo matashin likita ɗan bautar ƙasa daga Kudu, ta ajiye shi a gaban marasa lafiya ba tare da tafinta ba, sai a kira mai shara ko ɗan yaro ya fassara wa uwarsa abin da kunya ba za ta bar shi ya furta ba. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu masu nazarin Hausa muna da namu kaso, kuma ba ƙarami ba ne. Tun 1990 aka buga ƙamusun keɓaɓɓun kalmomi na nazarin harshe da adabi wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace, domin mu ji daɗin aikinmu. Kowace shekara ɗalibanmu suna rubuta kundaye a kan magungunan gargajiya, a ba su maki, a jibge kundayen a kanta, ƙura da gara su gaje su. Mu nawa ne muka taɓa ɗaukar littafin rubutu muka zauna a bencin asibiti mako guda, muna sauraron yadda majinyaci ke kwatanta ciwonsa, mu ji bambancin suka da zugi da raɗaɗi da murɗa da sara?

Ba cewa muke a kori Turanci daga ajin likitanci ba. Ɗalibin likita yana buƙatarsa don karanta mujallu da yin jarrabawa da tattaunawa da takwarorinsa na duniya, ya riƙe shi da kyau. Abin da muke cewa shi ne, ilimin da ya shiga da Turanci dole ya iya fita da Hausa, in ba haka ba amfaninsa ya tsaya a kan mai shi. Tun 2010 Bauchi take da asibitin koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, ga kuma makarantun horar da nas-nas da ungozomomi. Saboda haka muna kira da a zauna tsakanin likitoci da masana Hausa da maɗora da ungozomomin gargajiya, a tace kalmomin cuta da rauni da magani, a raba shawara gida-gida, a ba kowace sunanta, a buga ƙaramin littafi da zai shiga aljihun farar riga. A sa kowane ɗalibin lafiya ya gwada ɗaukar bayanin majinyaci da Hausa a gaban malamansa kafin a yaye shi. A fassara takardar amincewa da tiyata, a karanta wa wanda bai iya karatu ba. A rubuta ƙa'idar shan magani da boko da ajami, a ɗaura ta a kan lokutan da kowa ya sani, domin "sau uku a rana" wani yana iya shanye su kafin la'asar. A ɗauki tafintoci horarru aiki, ga waɗanda suka kammala digiri a sassanmu suna yawo da takardu.

Aikin nan ba sai an jira Abuja ba. Ɗalibin da ke neman batun kundinsa na bana, ga batu. Malamin da ke neman abin bincike, ga fili. Ita dai Iya ta koma asibiti a karo na biyu, wannan karon da bayanin da mai ɗibar jini ya yi mata cikin jimla guda: "Daga sallar isha'i kada ki ci komai, ruwa kawai za ki sha, har sai mun ɗebi jinin." Ta ce, "To ɗana, ai da haka aka faɗa mini tun farko."