Tukuicin Ma'aikatan Jirgin Ruwa da Yini Guda a Santambul

 

Maganarmu ta wannan fitowa ta shafi wata irin tafiya wadda a da sai dai mu ji labarinta, amma yau wasu daga cikin ƴan kasuwarmu da ma'aikatanmu da ƴaƴanmu mazauna Turai sun soma yin ta da iyalansu, wato yawon buɗe ido cikin manyan jiragen ruwa, abin da ake kira croisière da Faransanci. Jirgi ne kamar unguwa guda, da ɗakunan kwana da wuraren cin abinci, yana ɗaukar matafiya dubu biyu har zuwa dubu shida ko fiye, ya kwana yana keta teku, gari ya waye masa a tashar wani birni. Abu biyu ne suka fi rikita wanda bai saba ba: kuɗin tukuicin ma'aikata da yake tararwa a takardar lissafinsa, da kuma yadda zai kasa ƴan awoyin da aka ba shi a birnin da jirgi ya tsaya. Abubuwan nan biyu suna ɗaure da juna, domin daga aljihu ɗaya suke fita.

Mu fara da tukuici. A wajenmu tukuici abu ne na ganin dama: an aiko yaro da kyauta, ka ba shi abin da ya sawwaƙa, in babu ka sa masa albarka. A jirgin ruwa lamarin dabam yake. Yawancin kamfanoni suna ɗora wa kowane matafiyi wani kuɗi ƙayyadadde a kan kowane dare, ya shiga lissafinsa kai tsaye ko bai ce uffan ba. A shekarun 2023 da 2024, manyan kamfanonin Turai masu yawo a tekun Bahar Rum, irin su Costa da MSC, suna karɓar kimanin yuro 11 zuwa 12 ga babban mutum a kowane dare, a rage wa yara, a ɗauke wa jarirai. Kamfanonin Amurka kuwa suna karɓar tsakanin dalar Amurka 16 da 20. Ban da wannan, duk abin shan da aka saya, ko da ruwan lemo ne, ana ƙara masa kashi 15 zuwa 20 cikin 100. Wasu kamfanonin suna haɗa kuɗin daren nan cikin farashin tikiti tun farko, wasu sai a ƙarshen tafiya, don haka wajibi ne a tambaya kafin a biya.

Mu buga lissafi da kuɗinmu. Yuro ɗaya sefa 655,957 ne, wato kusan 656. Miji da mata, dare 7, a kan yuro 12, ya kama yuro 168, kimanin jika 110. In akwai yara biyu da ake biya wa rabi, ya tashi yuro 252, kimanin jika 165. Wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne, kuma wanda bai sa shi cikin shirinsa ba, in ya gan shi a daren ƙarshe sai ransa ya ɓaci. Daga nan Shaiɗan yake samun ƙofa, domin wasu kamfanoni suna barin matafiyi ya je teburin karɓar baƙi ya nemi a rage kuɗin ko a soke shi, kuma akwai masu koya wa juna wannan a matsayin wayo.

Kafin mutum ya miƙe zuwa teburin nan, ya san ko aljihun wa zai taɓa. Bisa ga abin da kamfanonin suke sanarwa, ana raba kuɗin ne tsakanin mai gyaran ɗaki, da masu kawo abinci, da waɗanda ba a ganinsu a ƙasan jirgi, masu wanke kwanoni da masu wankin zannuwan gado. Akasarinsu mutanen Filifin ne da Indonesiya da Indiya, kuma da yawa daga cikin ƴan Indonesiyar musulmi ne irinmu. Suna yin wata shida zuwa tara a teku ba su ga iyalinsu ba, suna aiki kwana bakwai a mako. Yarjejeniyar ƙwadagon teku da Hukumar Ƙwadago ta Duniya ta tsara a 2006, wadda ta fara aiki a 2013, ta ce a bai wa ma'aikacin jirgi hutun awa 10 aƙalla cikin awa 24, wato doka kanta ta yarda ya yi awa 14 yana tsaye. Ga masu hidimar ɗaki da tebur, tukuicin nan babban ɓangare ne na abin da suke aikawa gida. Mu da muka san darajar kuɗin da ɗan ci-rani yake aikowa daga Abijan ko Legas ko Tarabulus, mu ne ya kamata mu fi kowa gane wannan.

Ta fuskar shari'a, malaman fiƙihu suna ɗaukar al'adar da ta tabbata a cikin ciniki tamkar sharaɗin da aka furta. Wanda ya sayi tikiti alhali an rubuta masa cewa akwai kuɗin hidima, ya shiga jirgi, aka gyara masa shimfiɗa safe da yamma har kwana bakwai, to ya karɓi aiki a kan wannan sharaɗi, kuma addininmu ya tsananta a kan tauye ladan wanda ya gama aikinsa. Kada kuma a haɗa wannan da rashawa. Rashawa ita ce abin da ake miƙa wa mai riƙe da amanar jama'a don ya kauce wa ƙa'ida, kamar kuɗin goron da muka sani a shingayen hanya. Tukuicin jirgi a fili ake biyansa, da takarda, ga wanda ya riga ya yi hidima.

Mai karatu zai iya cewa: ai kamfani ne ya kamata ya biya ma'aikatansa albashin da zai ishe su, don me zai jingina mini? Maganarsa gaskiya ce, tsarin yana da aibi. Amma in ya soke kuɗin, mai wankin kwano ne zai iya kwana da giɓin. Wanda tsarin bai kwanta masa ba, ya zaɓi kamfanin da ya haɗa komai cikin farashi. In kuwa hidima ce ba ta yi kyau ba, a kai kuka ga shugaban sashen tun a rana ta biyu don a gyara, kada a bari sai daren ƙarshe a hukunta mutum ɗari saboda laifin mutum ɗaya. Wanda kuma ya ji daɗin aikin wani, ya ƙara masa ƴan yuro hannu da hannu, ya kira shi da sunansa, ya yi masa godiya.

To, in aljihu ya matse, a ina za a rage? A rage a yawon cikin gari. Kamfanin jirgi yana sayar da yawon da ya shirya, da mota da ɗan rakiya, kuma kowane mutum yakan biya yuro gomomi. Iyalin da suka tsara yininsu da kansu a tasha ɗaya ko biyu suna iya tsimin abin da zai biya tukuicin mako gaba ɗaya. Mu ɗauki misali da Istanbul ta ƙasar Turkiyya, wadda kakanninmu suke kira Santambul, tunda ƴan kasuwarmu masu sarin kaya sun san ta, kuma jiragen gabashin Bahar Rum suna yada zango a can.

Jirgi yana tsayawa ne a tashar Galataport, wadda aka buɗe a 2021 a tsakiyar birni. Daga ƙofarta, tafiyar ƴan mintoci a ƙasa za ta kai mutum layin jirgin ƙasa na cikin gari mai lamba T1, wanda yake haye gadar Galata ya bi ta Eminonu har Sultanahmet, da kuɗi kaɗan a katin sufuri. A dandalin Sultanahmet manyan wurare uku suke kusa da juna. Akwai Aya Sofiya, wadda aka gina coci a 537, ta zama masallaci bayan buɗe birnin a 1453, aka mai da ita gidan tarihi a zamanin Ataturk, ta koma masallaci a 2020. Daura da ita ga masallacin Sultan Ahmad mai hasumiya shida. Bayanta kuma ga fadar Topkapi, inda aka ajiye kayayyakin da ake jingina wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da sahabbansa, waɗanda aka fara tarawa a birnin bayan Sultan Salim na Ɗaya ya ci Masar a 1517.

Sai dai a duba ranar da jirgi zai iso. Fadar Topkapi a rufe take ranar Talata, babbar kasuwar nan mai rufi a rufe take ranar Lahadi, ranar Juma'a kuma cunkoso yana yawa a manyan masallatai. Wanda jirginsa ya iso da safe zai tashi da yamma, kada ya ɗora wa kansa fiye da wuri uku, balle in yana tare da tsofaffi ko ƙananan yara. Taura biyu ba ta taunuwa. Topkapi kaɗai tana cin awa biyu zuwa uku, ga layin shiga. Wanda zuciyarsa ta fi karkata ga ziyarar kabarin sahabi Abu Ayyub al-Ansari, Allah ya yarda da shi, wanda ya sauke Manzon Allah a gidansa a Madina, to unguwar Ayyub tana can gefe, ana zuwa da wani layin daga Eminonu. Ya zaɓa tsakaninta da fada, ya bar kasuwa a ƙarshe in lokaci ya ragu, domin kasuwa ita ce mai haɗiye awoyi da kuɗi.

A gina yinin a kan salla: a nufi yin azahar a ɗaya daga cikin masallatan nan, sauran abubuwa su biyo baya. Matafiyi yana ƙasaru a teku kamar yadda yake yi a tudu, amma in ya bi limamin gari sai ya cika. A mazhabarmu ta Malikiyya, rangwamen haɗa salla biyu saboda tafiya na tafiyar tudu ne, don haka a cikin jirgi a kiyaye kowace salla a lokacinta, a tambayi alƙibla tunda jirgi yana juyawa.

Abin da ya fi kome haɗari shi ne makara. Ana rubuta lokacin komawa a bakin ƙofar jirgi, galibi rabin awa kafin tashi, kuma agogon jirgi ake bi. Turkiyya tana gaban Yamai da awa biyu, wayar hannu kuma takan canza lokaci da kanta. Jirgi yana jiran waɗanda suka fita cikin yawon kamfani, amma ba ya jiran wanda ya fita da kansa. In ya tashi, sai mutum ya bi shi zuwa tasha ta gaba da kuɗinsa. Saboda haka a nufi dawowa awa ɗaya da rabi kafin lokaci, a riƙe lambar wakilin jirgi da ke cikin takardar shirin yini. Mai fasfo irin namu kuma ya lura: jirgin da ya fita daga Italiya ko Girka ya shiga Turkiyya ya komo, yana bukatar bizar Shengen mai shiga fiye da sau ɗaya, ban da sharuɗɗan Turkiyya kanta.

A gidan abinci a Istanbul, kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ya wadatar in ba a riga an sa kuɗin hidima a takarda ba. A tanadi ƴan canjin lira don haka.

Ƴan'uwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Maigida ya zauna da uwargida tun a gida, su rubuta tukuicin ma'aikata a layi na biyu bayan kuɗin tikiti, tsaraba ta zo a ƙarshe. In lissafi bai kai ba, a rage tsaraba, ko a rage kwanaki, ko a ɗage tafiyar zuwa baɗi. Yaran da suka ga mahaifinsu ya biya mai gyaran ɗaki haƙƙinsa cikin sakin fuska sun koyi abin da zai amfane su fiye da hotunan da za a komo da su.

Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya komo da su lafiya, ya tsare mu daga cin gumin bayinsa. Sai mun sake saduwa a fitowa ta gaba, in Allah ya yarda. Wassalamu alaikum.