Wayar da Bugun Zuciya Ya Rataya a Kanta

Tun 1958, da likita Ake Senning ya fara dasa na'urar daidaita bugun zuciya a jikin mutum a Suwidin, yabo yakan tafi ga batir da ƙwaƙwalwar na'urar. Amma a yau ran majiyyaci ya rataya ne ga siririyar wayar da ake zurawa ta jijiyar jini a saman ƙirji har zuwa zuciya, wadda ke bugawa kusan sau 100,000 a yini.

A ɗakin dama na zuciya, wayar na kama nama da ƙananan ƙugiyoyi ko da ɗan sukuru. Ta ɓangaren hagu kuwa a cikin jijiya take kwanciya, inda bango ke da santsi, don haka ake lanƙwasa bakinta ya tokare. Idan ta zame, saƙon lantarki zai ɓata, ko ya taɓa jijiyar numfashi ya haddasa shaƙuwa, har a sake tiyata.

Sai dai riƙo mai tsanani ma yana da farashi. Bayan shekaru tabo yakan lulluɓe wayar, in ƙwayar cuta ta kama ta dole a zare, zarewar kuwa na iya yaga jijiya.

Saboda haka bai dace a auna nagartar waya da ranar dasawa kaɗai ba. Masu ƙerawa da hukumomin da ke ba su izini su riƙa lissafi da ranar cirewa, likita kuma ya bayyana wa majiyyaci wannan, musamman matashi wanda zai rayu fiye da wayarsa.