Ƙungiyoyin matasan manoma: Gayauna muka manta

A makarantar sakandaren da na yi cikin shekarun 1990 akwai Ƙungiyar Matasan Manoma, kuma ni ɗan ƙungiyar ne har na tsawon shekara uku. Mun share fili, mun yi huɗa, mun shuka masara da gyaɗa, amma har na bar makarantar ban taɓa sanin inda buhu ɗaya na amfanin ya shiga ba. Abin da ya fi wannan muni shi ne, gonar da muke nomawa da sunan ƙungiya ita ce dai wadda ake tura duk wanda ya makara ko ya yi surutu a aji, a miƙa masa langalanga ya je ya yi shara. A matsayina na mai nazarin harshe, na san cewa kalma tana ɗaukar ma'anarta ne daga wurin da aka saba jin ta. Yaron da ya shekara shida yana jin "gona" a bakin malami mai horo, ba sai an gaya masa abin da ake nufi da noma ba.

Na kawo wannan ne domin duk lokacin da farashin abinci ya tashi sai a ji masu mulki suna kiran a farfaɗo da irin waɗannan ƙungiyoyi a makarantu. Ina goyon bayan kiran, sai dai ina ganin ba mu fahimci abin da ya sa suka yi amfani a inda aka ƙirƙiro su ba.

A Amurka aka fara. A shekarar 1902 wani jami'in ilimi mai suna A. B. Graham ya tara yara maza da mata a jihar Ohio, yana koya musu gwada ƙasa da zaɓen irin masara. Masanan aikin gona na wancan zamani suna fama da matsalar da malaman gonarmu suka sani sarai, wato dattijon manomi ba ya barin abin da ya gada don kawai wani ɗan boko ya zo da takarda. Sai suka lura cewa idan ɗansa ya gwada sabuwar dabara a gefen gonar gida, uban zai gani da idonsa. A shekarar 1910 wani yaro, Jerry Moore, a jihar Karolina ta Kudu, ya sami masarar da ta kai kimanin buhu 58 mai kilo 100 a eka ɗaya tak, abin da ya ninka na manyan manoman yankin sau da yawa. A wannan shekarar kuma, a jihar dai, wata malama Marie Cromer ta kafa ƙungiyar 'yan mata masu noman tumatir, kowace yarinya da kashi ɗaya bisa goma na eka, ta noma, ta zuba a gwangwani, ta sayar, kuɗin kuma nata ne. Dokar Smith-Lever ta 1914 ta haɗa waɗannan ƙungiyoyi da jami'o'in aikin gona, daga nan suka zama abin da ake kira 4-H, saboda kalmomi huɗu da ke farawa da harafin H a Turanci: kai, zuciya, hannu da lafiya. A Ingila kuwa, a 1921 aka kafa ta farko a ƙauyen Hemyock, inda 'ya'yan masu sayar wa wani kamfani madara suka riƙa gasar kiwon maruƙa.

Mai karatu zai lura da abu guda da ya ratsa duk waɗannan misalai. Fili ko maraƙin yana hannun yaron, shi ke rubuta abin da ya kashe da abin da ya samu, riba ko asara kuma a kansa take. Mu da muka aro tsarin, suna da taron mako-mako muka ɗauko, muka bar mallakar. Ko a lokacin shirin ciyar da ƙasa na gwamnatin Obasanjo a 1976, da na juyin aikin gona na Shehu Shagari a 1980, gonar makaranta ta hukuma ce, ɗalibi kuwa ɗan ƙwadago ne da ba a biya.

Abin mamaki shi ne, Bahaushe bai buƙaci Ohio ta koya masa wannan ba. A tsarin gandu, bayan aikin gonar gida da kowa ke yi a ƙarƙashin maigida, ana yanka wa saurayi ɗan fili nasa na kansa, wato gayauna, wadda yake nomawa bayan an tashi daga gandu ko a ranar hutu. Abin da ya samu a ciki shi ne kuɗin rigarsa ta salla, shi ne jarinsa na farko. A gayauna yaro ke koyon cewa jinkirin noman fari na mako guda yana bayyana a rumbu. Ga kuma aikin gayya da sarautar Sarkin Noma, waɗanda suka sa ƙwazo a gona ya zama abin kiɗa da kirari. Yau ɗalibai nawa ne a ajina na jami'a za su iya gaya mini ma'anar gayauna? Na gwada, kuma sakamakon bai faranta mini rai ba.

Saboda haka idan da gaske ake yi, a raba gonar makaranta kunya-kunya, kowane ɗan ƙungiya da tasa, da littafin lissafinsa, kuma amfanin ya tafi gida da shi ko ya kai kasuwa. A yi darasin da harshen da iyayensa ke ji, tunda su ake son saƙon ya isa gare su. Mu mun haddace cututtukan koko da Turanci domin jarrabawa, alhali ƙuduji na cinye dawar gidajenmu babu wanda ya ce mana uffan a kansa. Cibiyar bincike ta Samaru da takwararta ta wayar da kan manoma a Jami'ar Ahmadu Bello sun daɗe suna fitar da ingantaccen iri da ƙasidu cikin Hausa, abin da ya rage shi ne malamin gona da zai leƙa makarantar ko da sau biyu a wata. 'Yan mata kuma kada a bar su a baya: tumatirin da ke ruɓewa a Kadawa duk kaka yana jiran masu koyon busar da kauɗa mai tsabta, kamar yadda 'yan matan Karolina suka yi da gwangwani.

Na san za a ce a sassan Zamfara da Katsina manya ma ba su iya zuwa gona saboda 'yan bindiga, kuma makarantun birni da yawa an gine filayensu. Gaskiya ne. To amma 'yan Hemyock da maraƙi suka fara, ba da gona ba. Akuya ɗaya ko kaji goma a bayan ɗaki sun isa yaro ya buɗe littafin lissafi, muddin dai ranar da za a sayar shi ne zai tsaya a gaban dillali.