Ba Suna Ke Kashe Fim Ba, Malam

Malam, ka rubuta cewa duk jarumin da aka sauya wa suna ya mutu, ka kafa hujja da "suna linzami". Wannan magana ba ta da ƙafar tsayawa.

Jarumin littattafan zane Captain Marvel ya fito a 1940. A 2012 kamfanin DC ya mayar da shi Shazam, saboda Marvel ta riƙe wancan sunan. Fim ɗinsa na 2019 ya tara sama da dala miliyan 360. Na 2023, da wannan sunan dai, ko rabin haka bai kai ba. Suna ne ya kayar da shi?

Ka je wurin masu tura fim a waya a Kaura Namoda ko Shinkafi ka tsaya. Yaro zai miƙa memori ya ce a sa masa "mai walƙiya a ƙirji", wato Shazam. Shi ke nan tambayarsa.

Arewa24 ta ƙara wa sunan shirin Daɗin Kowa "Sabon Salo", mutane suka ci gaba da kallo. Amma da Nafisa Abdullahi ta bar shirin Labarina, Fati Washa ta maye gurbinta a matsayin Sumayya, an sha ce-ce-ku-ce, alhali ko harafi ba a taɓa a sunan ba.